Hitila ne ya kayar da Jamus, ko yaƙin ne ya fi ƙarfinta tun farko?

Abdul-Aziz Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum mutanen gida. Mushe Laminu, ga tambaya, kuma ina so iyayenmu su sa baki. A 1940 Jamus ta cinye Faransa cikin mako shida. A 1941 ta kai bakin Mosko. Yaya aka yi ƙasa mai irin waɗannan sojoji, mai janar-janar kamar Rommel da Guderian da Manstein, ta ƙare a buraguzai a 1945? Ni a ganina, da Hitila ya bar masu aiki sun yi aikinsu, da ba a kai nan ba. Kaporal ne fa a yaƙin duniya na ɗaya, ko bataliya bai taɓa ja ba.

Mushe Laminu: Wa alaikumus salam Abdul-Aziz. Rabin maganarka na karɓa, rabin zan dawo maka da shi. Mu fara da Stalingrad, don nan ne hannun mutumin ya fito fili.

A ƙarshen Yuni 1942 abin da Jamus ke nema shi ne man fetur na Kokasus, wato Maikop da Grozni da Baku. Tsarin farko shi ne a kai bakin kogin Volga wajen birnin Stalingrad a tsare gefe tukuna, sannan a gangara kudu. Ranar 23 ga Yuli Hitila ya ce a yi biyun lokaci guda. Man da motocin da ba su ishi hanya ɗaya ba aka raba wa hanya biyu. Halder, shugaban hafsoshin sojan ƙasa, ya yi ta gardama har aka sallame shi a Satumba. List, mai jan rundunar Kokasus, shi ma aka tuɓe shi, Hitila ya ce shi da kansa zai riƙe rundunar, alhali tsakaninsa da fagen daga ɗaruruwan kilomita ne.

Runduna ta 6 ta Paulus ta nutse cikin birnin ana yaƙi gida-gida, aka bar gefenta a hannun sojojin Romaniya waɗanda ba su da isassun bindigogin fasa tanka. An faɗa wa Hitila. Ranar 19 ga Nuwamba Rasha ta keta ta wajen nan daidai, ranar 23 zoben ya rufe a Kalach da mutum sama da 250,000 a ciki. Paulus ya nemi izinin fasa zoben ya fita, aka hana, saboda Göring, shugaban sojan sama, ya yi alkawarin ciyar da su ta sama. Mafi ƙarancin abin da za su rayu da shi tan 300 ne a rana, abin da ke sauka kuwa bai cika wuce tan 100 da ɗan wani abu ba. Ranar 30 ga Janairu 1943 Hitila ya ƙara wa Paulus girma zuwa fil mashal, da nufin ya kashe kansa kada a kama shi. Washegari ya miƙa wuya. Kimanin 91,000 aka kama da rai, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce 6,000 ba.

Baba Ajidan: Sannunku da hira ƴaƴana. Mushe ya hwaɗi gaskiya. Ni abin da anka koya muna a bariki shi ne, ja da baya shi ma darasi ne, ana koyon shi kamar yadda aka koyon kai hari. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ƙasa in ta tahi ana iya maido ta, amma sajan da ya yi shekara goma shina koyon aiki in ya mutu ba ka ƙera wani cikin wata shida. Wanga mutum ya maida ja da baya cin amana. Ku duba El Alamein a Masar. Rommel ya ga an hi ƙarhinshi, ya soma janye mutanenshi, ran 3 ga Nuwamba 1942 takarda ta iso mai cewa ko nasara ko mutuwa. Ya tsaya kwana guda don biyayya, kuma wannan kwanan ya ci sojan ƙasa masu yawa, musamman na Italiya da ba su da motoci. Wanda ke ganin hili da idonai shi ya kamata ya ce a tsaya ko a tashi. Jamusawa da haka anka san su, a ba ka manufa a bar maka dabara. Shi ya kashe musu wannan al'adar.

Alhaji Sabi'u Tasha: Baba, Allah shi ƙara girma, amma ni ban yarda laifin mutum guda ba ne. Ni harkar kaya na sani. In ka ɗauko kaya daga Kwatano da mota mai gajiya, da man da bai wuce ya kai ka Doso ba, ko wane gwani ka ba sitiyari ba ya iso Maradi. Haka Jamus ta shiga Rasha. Faɗin layin dogon Rasha ya fi na Jamus, sai an sake shimfiɗa shi kafin jirginsu ya bi. Sojan da ake cewa na zamani ne da dawaki sama da 600,000 ya shiga. A Oktoba ruwa ya sauka hanyoyi suka zama taɓo, a Disamba ƙanƙara ta same su babu rigunan sanyi. Man kuma na Romaniya ne da wanda suke tatsa daga gawayin ƙasa. Wane janar zai gyara wannan?

Nana Hadiza: Barkanku da dare iyayena. Ina bayan Alhaji a wani ɓangare. Yaya Abdul-Aziz, mu lura da waɗanda suka ba mu labarin nan. Bayan yaƙi Hitila ya mutu, janar-janar ɗin suna raye, su suka rubuta littattafai. Halder ma shi ya jagoranci tsofaffin hafsoshin Jamus da suka rubuta wa sojan Amurka tarihin yaƙin gabas. Duk nasara tasu ce, duk faɗuwa ta mamaci. Alhali su suka tsara shiga Rasha da lissafin cewa za a gama cikin ƴan watanni. Halder ɗin nan ya rubuta a littafin ajiyarsa ranar 11 ga Agusta 1941 cewa sun yi tsammanin rundunoni 200 ne, ga shi sun ƙirga 360. Wannan kuskuren ƙwararru ne. Kuma a 1940 manyan hafsoshi ba su so dabarar Manstein ta ratsa dajin Ardennes ba, Hitila ne ya mara mata baya, ita ce ta karya Faransa. Ko tsayar da tankoki a Dunkirk ranar 24 ga Mayu, wanda ya ba Ingila damar kwashe mutum 338,000, Janar Rundstedt ne ya fara nema.

Mushe Laminu: Madalla Hadiza, kin kawo rabin da na ce zan dawo da shi. Amma ki bi zaren nan ki ga inda ya kai. Cin da Hitila ya yi a 1940 shi ya cuce shi, don daga nan ya ɗauka duk lokacin da hafsoshi suka ce a'a, tsoro ne ke magana. A Disamba 1941 da Rasha ta juyo musu a bakin Mosko, ya ce kowa ya tsaya inda yake. Masana da yawa sun yarda wannan karon umarnin ya hana rundunar watsewa cikin ƙanƙara. Ranar 19 ga watan ya sallami Brauchitsch ya naɗa kansa kwamandan sojan ƙasa, ya kori Guderian bayan ƴan kwanaki. A farkon 1942 aka yi wa mutum wajen 100,000 zobe a Demyansk, aka ciyar da su ta jirgin sama har aka fitar da su. To daga nan magani ya zama ɗaya ga kowace cuta: a tsaya, jirgi zai kawo abinci. Stalingrad ta ninka Demyansk fiye da sau biyu, filayen jirgin sun fi nisa, sojan saman Rasha ya farfaɗo. Richthofen, wanda jiragensa ne za su yi jigilar, ya ce ba za ta yiwu ba. Ba a ji ba.

Alhaji kuma, maganarka ta mai da hanya gaskiya ce, sai dai wa ya ce a hau hanyar? Ingila ba ta faɗi ba ya buɗe yaƙi da Rasha ranar 22 ga Yuni 1941. Sojojinsa na daskarewa a bakin Mosko ya shelanta yaƙi kan Amurka ranar 11 ga Disamba, babu majalisar da ta tattauna, babu wanda ya isa ya ce a dakata. Zaɓen abokin gaba shi ne aikin farko na babban kwamanda, kuma a nan ya fi yin ɓarna.

Alhaji Sabi'u Tasha: To ai ka dawo kan maganata Mushe. Tun Disamba 1941 an gama. Sauran duk jinkiri ne.

Mushe Laminu: An gama cin nasara, na yarda. Amma yadda za a faɗi da yawan ran da zai tafi, wannan bai gama ba, kuma shi ya ci gaba da yanke shi har shekara uku da rabi.

Abdul-Aziz Ɗan Gulbi: To ga wata. Stalin fa? Shi ma ɗan kama-karya ne, ya kashe nasa mutanen ba adadi, shi ma ba makarantar soja ya yi ba. Me ya sa shi ya ci? In kama-karya ke kayar da ƙasa, ai da Rasha ta riga faɗuwa.

Nana Hadiza: Saura ƙiris ta faɗi, Yaya. Tsakanin 1937 da 1939 Stalin ya kashe uku daga cikin mashal biyar na ƙasar, har da Tukhachevsky, ya share dubban hafsoshi. An yi ta kawo masa rahoton cewa Jamus na tafe, ya ce makircin Ingila ne. Da aka ci su a makon farko sai ya sa aka harbe Janar Pavlov. Zhukov ya ce a janye daga Kiev, ya cire shi daga shugabancin hafsoshi, a Satumba 1941 aka kama sojan Rasha sama da 600,000 a wajen. Ko a Mayu 1942 ya sake irin wannan taurin kai a Kharkov. Ƙasarsa tana da faɗi da yawan jama'a da za su biya kuɗin kuskurensa, shi ya ba shi lokacin koyo.

Mushe Laminu: Kuma ya koya, nan suka rabu da Hitila. Daga ƙarshen 1942 Stalin ya soma sauraron janar-janar ɗinsa Vasilevsky da Zhukov, daga baya Antonov. A Oktoba 1942 ya karɓe ikon da jami'an jam'iyya ke da shi na sa hannu a umarnin kwamanda. Zoben Stalingrad hafsoshi ne suka tsara shi, ya yi haƙurin wata biyu ana tara mutane a ɓoye. A 1943 ya so ya riga kai hari, suka ce a bari Jamus ta zo ta fasa kanta a Kursk, ya yarda. Rokossovsky, wanda aka fito da shi daga kurkuku a 1940, shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka ja babban harin 1944. Imaninsa bai ƙaru ba ko kaɗan, ya dai gane cewa rayuwarsa na hannun waɗanda suka san aikin. Hitila kuwa kullum da'irarsa ƙara matsewa take, har ta rage Keitel da irinsa masu cewa to.

Hajiya Mariama Zariya: Ina ta karantawa, raina bai kwanta ba. Abdul-Aziz ɗana, yadda ka ɗora tambayar kamar abin takaici ne Jamus ta faɗi. Alhamdu lillahi da ta faɗi. Mutumin nan ya hallaka Yahudawa miliyan 6. Cikin sojan Rasha wajen miliyan 5 da dubu 700 da suka kama, sama da miliyan 3 sun mutu a hannunsu, yawanci da yunwa, kuma sojan ƙasa ne ke tsaron sansanonin, waɗannan janar-janar da kake yabo suna sane. Mu baƙaƙe ma ba mu tsira ba. A Yuni 1940 a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Afirka da suka miƙa wuya aka ware su daga Turawa aka harbe su. Irin kakanninmu ne, ƴan mazan jiya da Faransa ta kwasa daga ƙasashen nan.

Kuma ku masu lissafin yaƙi, ku sa wannan cikin lissafi. A wasu garuruwan Yukren da ƙasashen Baltik an tarbi Jamusawa da murna da farko, don mutane sun gaji da Stalin. Cikin ƴan watanni kisa da kwasar abinci da kwasar matasa aikin dole suka mayar da su abokan gaba. Sojan da ya ji abin da ake yi wa wanda aka kama, ba zai sake ɗaga hannu ba.

Abdul-Aziz Ɗan Gulbi: Inna Hajiya, Allah ya kiyaye in so wa azzalumi nasara. So nake in gane yadda ƙarfi ke lalacewa a hannun mutum ɗaya, don abin bai tsaya ga Turai ba.

Baba Ajidan: To bari in kawo muku kusa, ga maƙwabta nan. A 1987 ina arewa wajen aiki, labarin Cadi a kunnenmu ya wuce. Libiya na da tankoki, da jirage, da igwa, da kuɗin mai. Ƴan Cadi na Hissène Habré, ƙarƙashin Hassan Djamous, Toyota gare su da makamin fasa tanka da Faransa ta ba su. Ran 2 ga Janairu sunka ci Fada. A Maris sunka ci Wadi Dum, babban sansanin Libiya mai hilin jirgi, can anka kama Khalifa Haftar, babban hafsan Libiya. A Satumba sunka shiga cikin Libiya kanta sunka ƙone sansanin Maaten al-Sarra. Mi ya kawo haka? Gaddafi da juyin mulki ya hau a 1969, saboda haka sojanshi ya hi tsoro bisa ga abokin gaba. Shina sauya hafsoshi kada su saba da mutanensu, amana ta hi ƙwarewa daraja, kowa jiran umarni shikai daga sama. Su kuwa ƴan Cadi, ƙaramin kwamanda da motoci goma in ya ga ƙofa shiga shikai. Abin da ya hi ci mini rai, da anka kama mutanenshi sai Gaddafi ya ce bai san da su ba. Soja ya tahi da sunanka, ka yi musun shi. A 1994 kotun duniya ta ba Cadi zirin Awuzu na kan iyaka da sunka yi jayayya a kai, Libiya ta hita.

Alhaji Sabi'u Tasha: Baba, kada mu manta jiragen Faransa na Njamena tun 1986, su suka hana na Libiya sakewa a kudu. Ba Toyota kaɗai ba ce.

Baba Ajidan: Hakanan ne Alhaji. Amma ba Bafaranshe ya shiga Wadi Dum ta cikin nakiyoyi ba.

Nana Hadiza: Idi Amin na Yuganda ma haka. Ya karkashe sojojin Acholi da Langi don bai yarda da su ba, ya cika bariki da nasa. A Oktoba 1978 ya afka yankin Kagera na Tanzaniya. Nyerere, shugaban Tanzaniya, ya tara jama'a ya bi shi har gida, Kampala ta faɗi ranar 11 ga Afrilu 1979, duk da sojojin da Gaddafi ya aiko masa. Saddam kuwa ya shiga Iran a Satumba 1980 da zaton makonni ne, aka kwashe shekara takwas, yana harbe hafsoshin da suka ja da baya.

Salisu Bagalam: To jama'a tunda an zo Afirka, mu ma nan yankin namu...

Malam Ibro (mai kula da zaure): Salisu, dakata nan. Ƙa'idar zauren nan ban da siyasar gida. Tarihi ake, a ci gaba da tarihi.

Mushe Laminu: Na gode Malam. Bari in ƙarasa da 1944, don ita ce amsata ga Alhaji. A Yuni, rundunar tsakiya ta Jamus tana cikin Belarus ta turo ciki gaba, gefe biyu a buɗe. Hafsoshi suka nemi a ja layin baya a gajarta shi. Hitila ya ƙi, ya sa wa garuruwa irin su Vitebsk da Orsha da Mogilev da Bobruisk sunan ganuwa, ya ce duk wanda ke ciki ya mutu a ciki. Rasha ta kewaye su ta wuce. Cikin ƴan makonni rundunar ta narke, asarar ta fi ta Stalingrad, kuma ranar 17 ga Yuli aka zagaya da fursunoni 57,000 a titunan Mosko. A Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, da sojojin Amurka da Ingila suka sauka, tankokin ajiya ba sa motsi sai da izininsa, izinin bai fito ba sai da yamma. A Agusta ya tilasta harin Mortain, wanda ya cusa sojansa cikin zoben Falaise. A Kurland ta yankin Baltik ya bar mutum wajen 200,000 a maƙale bakin teku har ranar da yaƙi ya ƙare, Guderian na roƙo a kwaso su su tsare Jamus. A Disamba ya zuba tankokinsa na ƙarshe a Ardennes da burin kama Antwerp babu man da zai kai su, a Janairu Rasha ta taso daga kogin Vistula ta tarar da gabas babu ajiya.

Alhaji Sabi'u Tasha: Duk na ji. Amma mu koma Stalingrad, ina da ja. Ka ce da an bar Paulus da ya fita. Da me? An riga an tura yawancin dawakinsa baya saboda hunturu, igwa ba ta da mai ja. Da Manstein ya matso a Disamba don ya ceto su har saura kilomita 50, man tankokin Paulus bai wuce na kilomita 30 ba. Ga dubban masu rauni. Kuma zaman da suka yi ya riƙe rundunonin Rasha bakwai. Da sun saki, waɗannan sun gangara Rostov sun rufe wa na Kokasus hanya, asarar ta ninka.

Baba Ajidan: A Disamba kam lokaci ya wuce Alhaji, yunwa ta riga ta ci su. Maganar ta kwana biyu zuwa uku na hwarko ce, zoben bai yi kauri ba, mutane da sauran ƙarhi a ƙahwa. A bar igwa, a ɗora masu rauni bisa motocin da ke da mai, a buga waje guda da dare. Za a mutu da yawa, amma ba duka ba.

Mushe Laminu: Kuma ba mu kaɗai muke faɗa yanzu ba, Alhaji, waɗanda ke wurin sun faɗa a lokacin. Weichs, wanda Paulus ke ƙarƙashinsa, ya nemi a fita. Zeitzler, wanda ya gaji Halder, ya yi ta roƙon Hitila a kan haka. Seydlitz, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin da ke cikin zoben, ya rubuta wa Paulus takarda ranar 25 ga Nuwamba yana cewa a fasa a fita ko da umarni ya hana. Maganar Rostov kuwa, izinin janye rundunar Kokasus bai fito ba sai ƙarshen Disamba, fiye da wata guda bayan zoben ya rufe. Da an janye su tun Nuwamba, babu wanda Paulus zai zauna yana karewa.